Juma'ar da Kaka Ya Rasa

Jiya a banki na ji kukan tsohon injin buga takarda, irin mai allura ɗin nan. Nan take ya mai da ni Tsafe, shagon da ke jikin zaurenmu, ina 'yar firamare.

Shagon na ƙanin babana ne, Baba Ƙarami. Kwamfuta ya ajiye yana buga wa makarantu takardun jarrabawa. Kakanmu ne ya ba shi ɗakin, amma tun ranar farko bai yarda da abin ba.

Juma'a ce ta kawo rigima. Ba a ganin Baba Ƙarami a masallaci, amma daidai lokacin huɗuba sai a ji injin na kuka cikin shago a kulle, ga shi kuwa akwai ƙofar baya. Maƙwabta suka fara zunɗe. Shi dai ya rantse a Gusau yake salla, tunda ranar yake zuwa sayen takarda. Wai tun da safe yake jera umarni a wata 'yar baƙar taga cikin manhajar kwamfutar, in ya isa shagon abokinsa sai ya kira ta layin tarho ya sa ta fara. Wallahi ni ma ban yarda ba, balle Kaka.

"Ƙarfe ba shi jin kira daga Gusau," in ji Kaka. "In na kama ka ciki, ka kwashe kayanka ka bar mini gida."

Wata Juma'a da damina, gero ya kai ƙugu, Kaka ya sa farar riga ya fita da buzunsa. Jim kaɗan sai ga shi ya zagayo ta danga ya laɓe bayan rumbu, ya harare ni kada in yi magana. Liman ya hau huɗuba, shago shiru. Aka tada salla, Kaka na nan ya kasa kunne. Can sai tarho ya yi ƙara, injin ya ɗauka.

Da sauri ya buɗe ƙofar baya, ina biye da shi. Ba kowa a kujera. Rubutu na gudu a gilashi, takarda na zubowa ƙasa. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya duba bayan ƙofa, har buhunan takarda ya zungura. Yana cikin haka muka ji lasifika, liman ya yi sallama.

Tausayinsa ya kama ni. Mutumin da bai taɓa rasa Juma'a yana gari ba, ga shi ya shimfiɗa buzu a zaure yana Azahar shi kaɗai. Da Baba Ƙarami ya dawo bayan La'asar, takardu ɗaure a bayan babur, abin da Kaka ya ce kawai shi ne, "Ka hana injin nan aiki ran Juma'a."

Yau daga wayata nake ba kwamfutar ofis umarni, ba mai ko ɗaga kai. Amma ran Juma'a kashe kwamfutar nake yi. Har Kaka ya rasu bai yarda da injin nan ba, da ɗansa dai ya yarda, kuma sallar Juma'a guda ya bayar kafin ya yarda.