Ranar da Na Jefa Surukina Ramin Tama

Na yi abubuwan kunya da dama a rayuwata. Wasu na manta da su, wasu kuma Allah ya rufa mini asiri mutane suka manta. Amma akwai ɗaya da ko na so mantawa ba zai yiwu ba, domin har yau in na ji ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin tayar keke sai gabana ya faɗi. Wannan kuwa shi ne ranar da na goya surukina a keke na bi da shi ta tsofaffin ramukan tama.

A lokacin ina gyaran keke a Funtuwa, ban fi shekara biyu da aure ba. Ranar da babu aiki mukan haɗu mu samari masu kekuna mu bi hanyoyin burji, yau wajen Dandume, gobe wajen Danja, mu dawo jajur da ƙura mu zauna wurin mai shayi kowa yana ba da labarin inda ya kai. Nawa labarin kullum ya fi na kowa tsawo, don ni Allah ya jarabce ni da cika baki, kuma ban iya cewa ban sani ba. A wurin ne wata rana na ce na san yanken da ake bi ta ramukan tama a faɗa ƙauyen su matata, har na ce na bi shi ya fi sau goma.

Ramukan nan tun kafin zuwan Turawa kakannin maƙera suka haƙa su, suna tono dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Da aka daina, sai manoma suka zagaye su da gonaki, hanyoyi suka rarrabu a tsakani, duk jar tsakuwa, duk kama ɗaya. Gaskiyar magana ko sau ɗaya ban taɓa zuwa wurin ba. A bakin matata na ji labarinsu.

Surukina tsohon maƙeri ne, matata kuma ita ce 'yarsa ta fari, saboda haka kunyar da ke tsakaninmu ninki biyu ce. Ban taɓa kallon idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na durƙusa na gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani gefe, ko sunana ba ya kamawa.

Wata rana da damina ya zo asibiti karɓar maganin ido, ya kwana gidan wani amininsa. Washegari ne ɗaurin auren 'yar wan surukin nawa, marainiyar da ya riƙe tun tana rarrafe, kuma ya yi alkawarin da bakinsa zai ba da aurenta bayan sallar azahar. Sai ga shi ruwa ya cinye hanya, motar ƙauyen ba ta zo ba. Aminin nasa, wanda yake shan shayi inda muke sha, ya aiko aka kira ni.

"Ga ɗanka nan," ya ce wa tsohon. "Ya san yanken ramukan tama kamar tsakar gidansu. Kafin rana ta take kun isa. Ko ba haka ba ne, malam bakanike?"

Da na ce a'a a nan, da ba ni da labarin da zan ba ku yau. Hanyar burji ta sama tana da nisa, amma da mun bi ta da mun isa da sauran lokaci. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Baba."

Na naɗe buhu na ɗora a kan kariyar bayan keke. Tsohon ya tattare farar babbar rigarsa ya zauna a kaikaice. Bai riƙe ni ba, don suruki ba ya riƙe ƙugun mijin 'yarsa. Ƙarfen ƙarƙashin sirdi ya kama da yatsu biyu, muka kama hanya.

Da farko abin gwanin daɗi. An kwana ana ruwa, ƙasa ta lafa, taya tana ta ƙaras-ƙaras a kan tsakuwa, ni kuma ina ta buga ƙararrawa ko babu kowa a gaba. Da muka bar burji muka shiga gonaki sai lissafi ya fara kwance mini. Dawa da masara sun fi mutum tsawo, ba ka ganin komai sai sama. Muka iso gindin wata kuka inda hanya ta rabu uku. Na yi bisimilla a zuci na ɗauki ta hagu.

Tsohon ya yi gyaran murya. "Wannan keke," ya ce, "da alama yana son yamma."

Na gane sarai abin da yake nufi. Ba zai iya ce mini na yi kuskure ba, sai ya ɗora wa keke. Ni kuma maimakon in karɓi wannan sutura, sai na ce, "Haka yake, Baba, kan nasa ne ya ɗan karkace, amma ya san inda za shi."

Bayan wani lokaci muka sake ɓullowa gindin kukar nan. Na yi kamar ban taɓa ganinta ba, na ɗauki ta tsakiya.

"Ikon Allah," in ji tsohon. "Kukokin wajen nan duk uwarsu ɗaya."

"Wallahi kuwa, Baba, suna kama."

Zuwanmu na uku gindin kukar, salati kawai na ji yana yi ƙasa-ƙasa. Na dubi inuwarmu na ga ta shige ƙarƙashin keke. Gumi ya keto mini. Na tuna yarinyar nan, na tuna alkawarin tsoho, amma duk da haka bakina ya ƙi buɗuwa. Abin da shaiɗan ya raya mini shi ne in ƙara gudu, kamar gudu yana mayar da ɓata daidai.

Na ɗauki ta dama, ita kuwa ta gangara. A gangaren an zubar da kashin maƙera, wato baƙin dutsen da ke saura bayan an narka tama, mai kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Tayar gaba ta yi fus. Na matse birki, birki ya ce bai san zancen ba. A nan ma sai in faɗi laifina: ni mai gyara wa mutane birki, robar nawa ta cinye tun bazara, da silifa nake tsayawa. Na sa ƙafa, silifar ta tsinke. Muka ratsa wata ciyawa mai kyau, ashe bakin rami ce.

Allah ya taimaka shekaru sun cike ramin, zurfinsa bai fi tsayin mutum da hannu ba, ƙasan kuma jan taɓo ne. Ni na fara sauka, keke ya biyo, tsoho ya rufe. Da na buɗe ido sai ga fuskar surukina dab da tawa. Shekara biyu ban san kalar idonsa ba sai ranar. Muka yi maza kowa ya juya ya fuskanci bangon rami.

"Sannu, Baba," na ce wa bango.

"Yauwa," ya ce wa nasa bangon. "Keken dai bai ji ciwo ba?"

Muna nan sai wani dattijon Bamaguje da ke noma kusa ya leƙo, galma a kafaɗa. Ya dube mu ya dube mu, sannan ya zauna a bakin ramin don ya yi dariya da kyau.

"Maƙeri, kai ne? Na ga kun zagaya kukar can sau uku, na ce ko wata sabuwar ibada kuka samo ku masu salla. Ka dawo duba abin da kakanka ya bari ne?"

"Miƙo ƙotar nan, sarkin surutu," in ji tsohon.

Ya jawo mu ɗaya bayan ɗaya. Farar rigar ta koma ja har wuya. Bamagujen bai bari ba. "Kai da muka yi kiwon awaki tare a nan, ko da ido rufe ka san ramukan nan. Yaya aka yi?"

Sai a sannan na san wanda na goyo. Na dubi Bamagujen na ce, "Don Allah ka gaya wa Baba ban taɓa biyowa ta nan ba. Ƙarya na yi."

"Ga shi tsaye har rigunanku na taɓa juna, ni ne zan kai saƙo?"

Tsohon yana matse hularsa ya ce, "Ka gaya masa na sani tun kafin mu bar gari."

"Ku dai kun shiga uku da kunyarku," in ji Bamagujen. "Ku bi bayan gonata, ku miƙe."

Tsoho ya shige gaba yana ɗingishi, ni a baya da keke a kafaɗa, ƙafa ɗaya babu takalmi. Ashe ƙauyen ma ba nisa. Amma ko da muka isa an naɗe tabarmi, mutane suna watsewa da goro a baki. An jira har liman ya gaji, ƙanen tsohon ya tsaya ya ba da auren.

Jama'a suka yanyame mu ana tambaya. Na buɗe baki, tsohon ya riga ni. "Ni na ce a bi ta ramuka," ya ce. "Idon nan ne ya yaudare ni, har na ja wa yaron mutane wahala." Ba wanda ya yarda, ba kuma wanda ya musa. Daga baya matata ta gaya mini da ya shiga gida amarya ta faɗa jikinsa da taɓon da komai tana kuka, shi kuma ya kasa ce mata komai sai haƙuri.

Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da zancen ba, kuma wannan ya fi mini duka ciwo. Abokaina sun yi shekaru suna dariyar faɗuwar, ni ma ina taya su, amma na san abin da na raba tsohon nan da shi ba ya maimaituwa. Abin da na koya ba mai yawa ba ne: in ba ka san hanya ba ka faɗa tun kana bakin gari, domin kunyar da ka guje wa a nan wani ne zai ɗauke ta a can, kuma sau da yawa wanda ya fi ka mutunci ne.