Tsagar Bayan Kabad

Ina shan kofin safe na ji muryar Doña Herminia ta bango.

"Sati uku! Sati uku takardar nan tana aljihunka, Nicanor?"

"Ajiye ta na yi."

"Ka ajiye ta ta yi ƙwai? Jibi za a rufe karɓar ƙorafi, tsohon banza!"

Shekara tara ina haya a rabin gidansu, a ƙaramin garinmu na kudancin Texas, kuma bangon bai taɓa ɓoye mini komai ba. Mijinta, Don Nicanor, shi ne ya gina shi, kamar yadda ya gina gidan gaba ɗaya. Magini ne, ya yi shekara arba'in yana ɗora bulo a gidajen mutane, nasa kuwa ranakun Lahadi ya yi shi, shi kaɗai, cikin shekara shida.

Takardar daga ofishin ƙiyasta gidaje na gunduma ta zo. Bara dala dubu ɗari da arba'in suka yi wa gidan kuɗi, bana dubu ɗari biyu da goma sha huɗu. Haraji kuwa ƙiyasin yake bi. Sassaucin da ake yi wa tsofaffi bai shafi ɓangaren da nake haya ba, fanshonsu kuma ba ya miƙewa. Herminia ta gama lissafinta: in ba a rage ba, sai dai a sayar.

Da rana ta kira ni, ta tura mini farantin wake da tortiya, gurasarsu ta masara.

"Maƙwabci, wayarka tana ɗaukar hoto da kyau?"

Kowa a nan ya san abin da ake yi a watan Mayu. Mutum ya bi gidansa yana neman aibu, rufi mai yoyo, katakon da gara ta ci, ya ɗauki hoto ya kai wa kwamiti, ya rantse cewa gidansa kango ne. Mutanen da ke shafa fenti don baƙi su ne ke kushe gidajensu a gaban hukuma.

"Gidana ba shi da abin ɗauka," in ji Nicanor.

Sai a lokacin na gane shi. Ba mantuwa ya yi ba. Takardar ta yi laushi saboda yawan buɗewa da ninkewa. Duk tsawon aikinsa ba wanda ya taɓa rubuta masa cewa hannunsa ya kai wani abu, sai wannan takarda mai hatimi. Ta zo cinye masa gida, shi kuwa yana karanta ta kamar lambar yabo.

Ya ce yana da hujjar da ta fi hoto. Gidan surukinsa Rogelio, a gundumar da ke maƙwabtaka da tamu, an sayar da shi dubu ɗari biyu da talatin, alhali ƙiyasinsa dubu ɗari da hamsin ne kawai. In gida mai tsada haka ya samu ƙiyasi kaɗan, in ji shi, nasa ma sai a rage ba tare da an kushe shi ba.

Herminia ta shiga ɗakin kwanansu, ta ce in kama mata kabad. Muka ja. Tsaga ce a bango tun daga ƙasa har kusa da rufi, yatsuna biyu suna shiga.

"Shekara ashirin da biyu da ya rufe ta da kabad ɗin nan," ta ce. "Yana zaton ban sani ba. Ni da nake share bayan nan!"

Nicanor ya fita tsakar gida. Na ɗauki hoto shida.

Aka ba su rana a watan Yuni, na kai su a motata. Mutum uku ne a kwamitin, minti goma sha biyar ga kowa. Nicanor ya fara da gidan Rogelio. Shugabar, wata tsohuwar malamar makaranta, ta saurare shi har ya gama.

"Wannan wata gunduma ce, Mista Salinas, littafinsu daban. Da za ka sa naka gidan a kasuwa gobe, nawa za a saya?"

Hotunan suna cikin jakar Herminia. Ba ta fito da su ba, ta ɗora jakar a cinyarsa kawai. Ya daɗe yana kallon jakar kafin ya buɗe.

"Harsashin ya zauna ta gabas," ya ce. "Ban haƙa da zurfi ba. Kuɗin siminti ya ƙare, ga cikin matata ya tsufa, ina son ta haihu a ɗakinta. Duk mai hankali sai ya cire dubu sittin kafin ya saya."

"Wa ya yi ginin?" wani ya tambaya.

"Ni."

Suka mayar da ƙiyasin dubu ɗari da hamsin da biyu. Gida ya tsira, ɗakina ma haka.

A hanya Herminia ta sa na tsaya ta sayi kankana, tana ta zuba kamar an kunna rediyo. Shi kuwa na ga kafaɗunsa sun sauka, har ya yi gyangyaɗi. Ban sani ba ko harajin ne aka sauke masa ko kabad ɗin.

Da yamma ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, da yankan kankana a faranti.

"Maƙwabci, hotunan nan, goge su."

Na ciro waya. Ya riƙe mini hannu.

"Tsaya. Bar wanda tsagar ta fi fitowa. Baɗi ma za su rubuto."