Ranar Da Inna Ta Dafa Min Bincikena

"Inna, ina dutsen da na ajiye a kan taga?"

Ina tsakiyar cin wake da shinkafa a gidanmu na Haɗeja na yi wa kakata wannan tambayar. Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karantar ilimin ma'adinai. Wuni guda na yi a kan babur, can gaba da Birniwa, kafin na tono dutsen nan. Na ɗaure shi a leda, na manna masa lamba. Ranar Litinin malamina yake jiran sa.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wane dutse? Kanwar nan? Ai ga ta nan kana ci."

Na ajiye cokali. "Inna, ɗakin gwaji fa zan kai a auna."

"A auna me? Na lasa. Kanwa ce, ba ma mai kyau ba, ƙasa ta yi mata yawa. Ta shanu ce, don dai waken ya ƙi nuna ne. Shekara huɗu kana boko, abin da ka koyo ke nan, sa wa kanwa lamba?"

Haka na koma na sake tonowa. Mako uku ana gwaji, sakamako ya fito: kanwa ce, ƙasa ta yi mata yawa.

Digiri dai yana hannuna, amma Inna ta riga ni da lasa ɗaya. Ku ma akwai irin wannan farfesar a gidanku, ko ni kaɗai Allah ya jarraba?