Yadda Na Rabu da Babbar Motar Yaya

A shekarar da fetur ya yi tsada har mutane suka riƙa ajiye motocinsu, Yayana ya aiko mini da mota mai aiki da lantarki. Shi ne babba a ɗakinmu, ya girme ni da shekara tara, yana zaune a Abuja yana harkar kayan gini. Ni kuwa ina Funtuwa, ina da shagon taki da iri da maganin feshi, ina kuma noma gonar da mahaifinmu ya bari can gaba da Kafur. Mahaifiyarmu, Hajiya, tana Malumfashi a gidan da aka haife mu. Zirga-zirgata duk a tsakanin wuraren nan uku take.

A bayan tirela aka kawo motar, ranar wata Laraba da hantsi. Baƙa ce, doguwa, mai kujera bakwai. Yaya ya hau ta shekara guda, ya sayi wata, sai ya ga ni ya kamata ya ba. A waya ya ce mini daga yau na rabu da layin gidan mai. Na yi godiya, na kai ta Malumfashi Hajiya ta sa albarka. Motar ba ta da ƙara ko kaɗan. Ranar farko na yi ta duba allon gabana don in tabbatar a kunne take.

Abin da Yaya bai yi la'akari da shi ba shi ne wuta. A unguwarsa ta Abuja ba a cika ɗauke ta ba. A tamu kuwa sai a yi kwana biyu ba a ga ƙyallinta ba. Ina da sola a gida wadda ke riƙe fanka da firij da famfon ruwa, amma in na jona motar sai ta kwana uku tana sha ba ta cika ba, gidan kuma ya zauna babu ruwan sanyi. Daga baya na yi magana da wani abokina mai injin casar shinkafa a hanyar Zariya, wanda yake da babban layin wuta. Nakan kai motar can in bar ta, in hau babur ɗin haya in koma shago, washegari in dawo in ɗauka. A mako, kwanakin da take wurinsa sun fi waɗanda take wurina.

Mutane ma suka sauya mini. Duk bikin da za a yi a dangi sai an aiko a ce a taimaka da mota a ɗauki amarya. Masu ƙwadago a gona suka daina yi mini ragi. Wani dattijo da muke sallah a masallaci ɗaya shekara da shekaru yana ce mini Malam, sai na ji ya koma Alhaji, alhali ban je ko'ina ba. Ban ji haushi ba, ban kuma ji wani daɗi ba. Na dai lura.

Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, motar kuma tana da tsawo. Duk ranar da zan kai ta asibiti sai an fito da kujera 'yar tsuguno an ajiye a bakin ƙofa, ta taka, matar ƙanena ta riƙe ta ta baya, ni in ja hannunta daga ciki. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai bayan ta zauna takan ɗan jima tana maida numfashi. Kujerar ta koma zama a but ɗin motar.

A damina ta biyu, cikin watan Agusta, na tafi gona duba masara bayan an kwana ana ruwa. Daga inda kwalta ta ƙare akwai wata fadama da hanya ta ratsa. Tsohuwar motata ta fetur ta sha wuce wurin, in ta maƙale mutum huɗu ke tura ta. Wannan kuwa da ta shiga sai ta zauna. Batirinta yana shimfiɗe a ƙarƙashinta, nauyinsa ya wuce misali. Mutanen ƙauyen suka fito, suka sa kafaɗa, ko motsi ba ta yi ba. Wani Bafulatani da ke tsaye da shanunsa ya ba da shawara a nemo tarakta, aka nemo. Tun hantsi muke wurin, sai bayan la'asar aka fizgo ta. A wajen jan ne wani abu ya karye a ƙasa. Allon ya kawo jan rubutu, motar ta ƙi tafiya.

Babu bakaniken da ya yarda ya taɓa ta a Funtuwa. Wanda na fi amincewa da shi ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce shi injin ya sani, wannan kuwa ba ta da inji. Aka ɗora ta a tirela zuwa Kaduna, wani gareji da ke gyaran irinsu. Can aka ce abin da ya karye sai an yi odarsa daga ƙasar waje. Ya ɗauki wata huɗu kafin ya iso.

A watannin nan na koma motar haya da babur. Aka cire masara, aka ɗebe auduga, aka kai Hajiya asibiti a motar maƙwabci, ba abin da ya tsaya. A nan na fara tunanin ko motar ta dace da ni.

Ranar da na je ɗaukar ta na tarar da wata 'yar ƙaramar mota fara a garejin, ita ma ta lantarki, kujera huɗu, gajeriya, tsawonta bai kai kafaɗata ba. Mai garejin ya ce ta sayarwa ce. Ya ce a soket ɗin gida ake cajinta, sola kamar tawa za ta cika ta a wuni guda, sai dai ba ta doguwar tafiya. Na tambaye shi ko za ta je Malumfashi daga Funtuwa ta dawo, ya ce har da saura. Na zagaya unguwar da ita. Ba ta da ƙarfin babbar, kujerunta ba su da laushi, in ta faɗa rami sai ka ji a bayanka. Na dawo na ce masa zan yi shawara.

Shawarar ba ta kuɗi ba ce, don farashinta bai kai rabin na babbar ba. Maganar Yaya ce. Ba a sayar da kyautar babban wa a ɓoye. Na fara zuwa wurin Hajiya na faɗa mata. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

"Kada ka gaya masa a waya. Ka tashi ka je ka same shi."

Na je Abuja a motar haya, na same shi a ofis. Bayan mun gaisa na yi masa bayani tun daga matsalar wuta har zuwa fadama. Na ce in ya fi so in maido masa da ita, zan kawo ta da kaina. Ya daɗe yana juya biro a hannunsa. Abin da ya fara tambaya shi ne ko kasuwa ce ta taɓa ni, in haka ne in faɗa masa gaskiya. Na ce lafiya lau kasuwa take.

"Kyauta na ba ka, ba aro ba," in ji shi. "Abin da ka ga dama ka yi da ita."

Na ce, "Yaya, ba raina ta na yi ba."

"Na sani. Ni dai na so ne in mutum ya zo ƙofar gidanmu ya ga mota."

Ya sa aka kawo abinci muka ci, ya tambayi lafiyar yara, ya sa direbansa ya kai ni tasha. Bayan wannan kiran da yake yi mini duk Juma'a ya tsaya. In na kira yana ɗauka, mu gaisa, ya ce yana cikin taro.

Mai garejin ne ya samo wanda ya sayi babbar, wani ɗan kasuwa a Kaduna da ban taɓa gani ba. Na ɗauki ƙaramar, abin da ya rage na ƙara faranti a solar gida, na haƙa rijiyar burtsatse a gona. Na aika wa Yaya hoton rijiyar. Ya amsa da kalma uku, Allah ya amfana.

A Funtuwa labari ya bazu cewa na karye. Wani abokin ciniki ya zo shago, ya sayi buhun taki ɗaya, ya daɗe a zaune, daga ƙarshe ya yi ƙasa da murya ya ce in yi haƙuri, haka kasuwa take, yau gare ka gobe ga wani. Na ce na gode. Ban ga amfanin yi masa bayani ba. Aiken ɗaukar amarya ya tsaya cak. Maiɗakina ta yi ƙorafi na kwana biyu, kuma tana da gaskiya, don mu shida ne a gidan, in za mu je wani wuri gaba ɗaya sai biyu sun bi a keke napep. Taki ma ba ta ɗauka sai buhu biyu, sauran sai in yi hayar a-kori-kura. Gona kuwa in damina ta yi nisa ina ajiye motar a ƙofar gidan mai unguwa in ƙarasa da ƙafa.

Amma tana kwana a gida. Ranar da ba ni da tafiya, da safe in jona ta kafin in fita masallaci in bar ta, da la'asar ta cika. Ranar da na fara zuwa da ita ɗaukar Hajiya, matar ƙanena ta fito da kujera kamar yadda aka saba. Hajiya ta dubi motar, ta dafa ƙofa, ta juya ta zauna da kanta, ta ja ƙafafunta ciki. Aka maida kujerar ɗaki.

Da babbar sallah Yaya ya zo gida. Mun gaisa kamar kullum, ya ga motar a ƙofar gida ya wuce ciki. Kwana biyu da sallah aka yi rasuwar wani abokin mahaifinmu a Dayi, Hajiya ta ce lallai mu je mu biyu mu yi ta'aziyya. Direban Yaya ya tafi garinsu yin sallah da makullin motar Yaya a aljihunsa, bisa mantuwa. Na ce ga tawa.

Yaya mutum ne dogo mai jiki. Ya tattara babbar rigarsa ya shiga, gwiwoyinsa suna taɓa gaba, hularsa tana gogar rufi har sai da ya cire ta ya riƙe a hannu. Muka kama hanya. Gero da dawa sun fara tasawa a gefen titi, ya yi ta kallonsu. Mun yi nisa kafin ya tambaye ni awa nawa take ɗauka kafin ta cika, na faɗa masa. Ya tambayi inda ake samun tayarta, na ce ko a Funtuwa akwai. Ya gyaɗa kai.

Muka yi ta'aziyya, muka zauna kaɗan da 'ya'yan mamacin, muka taso. A bakin mota Yaya ya miƙo hannu ya ce in ba shi makulli. Shi ya tuƙo mu har Malumfashi, a hankali, yana kauce wa ramuka, babura suna wuce mu. A hanya ya tsaya ya sayi rake a wurin wani tsoho, ya ce a kai wa yara. Ya yi mini maganar wani fili da yake son saya a bayan gari, ya ce in je in duba masa in akwai hanyar ruwa.

Da muka iso ƙofar gida ya kashe motar, ya ɗan zauna, ya maida hularsa bayan ya fito. Ya miƙo mini makullin ya ce na'urar sanyinta ba ta da ƙarfi, in sa a duba. Na kai an duba bayan sallah. Aka ce haka aka yi ta.