Fumie, Mai Nuna wa Baƙi Tashar Nukiliya

Shekara ashirin da biyu Konno Fumie ta yi tana aiki a zauren baƙi na tashar nukiliyar da ke bakin tekunmu. Ni maƙwabciyarta ce, shinge ɗaya ya raba gidajenmu, kuma yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Mahaifinta manomin shinkafa ne. Kafin a gina tashar, duk hunturu sai ya tafi Tokyo aikin gini, ba a sake ganinsa sai lokacin shuka. Haka iyayenmu maza duka suke yi. Da tashar ta zo, maza suka zauna a gida, aka shimfiɗa kwalta, aka gina asibiti. Ranar da aka ɗauki Fumie aiki, mahaifiyarta ta dafa shinkafa da jan wake ta raba wa unguwa.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Ta sa rigar kamfani, ta tsaya gaban ɗan ƙaramin samfurin tashar, ta bayyana wa 'yan makaranta da ƙungiyoyin tsofaffi cewa bango biyar ne suka tsare gubar nukiliyar, ko ƙasa ta girgiza injin zai kashe kansa. Ba ita ta ƙirƙiri maganar ba, littafi aka ba ta ta haddace. Ta kuma yarda da shi har zuciyarta. Gidanta kilomita huɗu ne daga tashar, a nan ta yi renon 'ya'yanta biyu bayan rasuwar mijinta.

Sai aka yi wata babbar girgizar ƙasa da ambaliyar teku. Washegari lasifikar gari ta ce kowa ya fita. Mun ɗauka kwana biyu za mu yi, har shanya na bari a igiya. Fumie ta sa mahaifiyarta, tsohuwa mai shekara saba'in da tara, a bayan mota. Aka zube mu a ɗakin wasannin wata makaranta can kan tudu, kowa da bargo ɗaya. A talabijin ɗin wurin muka ga ginin tashar ya fashe, hayaƙi ya turnuƙe sama.

A rana ta uku muna layin karɓar dunƙulen shinkafa, sai Endo Shigeru ya sha gaban Fumie. Shi ne mai masaukin da ma'aikatan tashar ke sauka, shekara talatin da su yake ci.

Ya ce, "Konno-san, ina bango biyar ɗin? Ƙirga mana su mu ji. Har hoto kika yi da jikata kina murmushi."

Fumie ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa gwiwa. Ta daɗe a haka. Ni ce na kasa haƙuri.

Na ce, "Endo-san, shekara talatin su wa ke kwana a masaukinka? Kifaye?"

Ba wanda ya yi dariya. Kafin azahar mutanen da ke kusa da ita sun ja bargunansu, an bar ta ita da tsohuwa a tsakiyar fili. Waɗannan mutane ne da 'ya'yansu ke karɓar albashi a tashar nan. Manyan kamfanin suna can birni, ba a iya kai musu, sai aka samu mace mai fuskar da kowa ya sani.

Bayan mako guda muka tashi tare, motarta a gaba tawa a baya, muka nufi wata jihar. A gidan mai na farko, mai zuba man ya dubi lambar motocinmu ya ce man ya ƙare, alhali yana cikin zuba wa wani. A masauki aka ce sai mun kawo takardar shaidar cewa an auna mu ba mu ɗauke da guba. Awa biyar muka yi a layin awon, tsohuwa na zaune a mota cikin sanyi tana tari. Wutar da tashar nan ta yi shekara arba'in tana samarwa ba a garinmu aka sha ta ba, birane aka kai wa. Ba su taɓa tambayar inda ta fito ba, sai ranar da muka zo ƙofarsu.

Tarin ya zama ciwon huhu. Tsohuwar ta rasu a watan Afrilu, aka ƙona gawarta bisa al'adarmu, kuma shekara shida tokar na ajiye bisa wata kanta a ɗakin Fumie, don maƙabartar danginsu na cikin yankin da aka rufe saboda gubar.

Da bazara wakilan kamfanin suka zo unguwar gidajen wucin gadi da aka ba mu. Suka durƙusa a jere suna ba da haƙuri, mutane na ta zaginsu. Fumie ta ɗaga hannu, ta faɗi sunanta da shekarun da ta yi musu aiki.

Ta ce, "Tambaya ɗaya gare ni. Wanda ya rubuta littafin da kuka ba ni, ya san ba gaskiya ba ne, ko shi ma bai sani ba?"

Babbansu ya ce za su bincika su rubuto mata. Har yau ba ta ga takardar ba.

Masu adawa da nukiliya ma sun neme ta. Wata mata daga Tokyo ta zo da kwalin alewa, tana so Fumie ta hau dandali a zanga-zangarsu sanye da rigar kamfani, ta shaida wa duniya cewa da saninta ta yaudari yara. Fumie ta ce za ta hau, amma ba za ta faɗi haka ba, don da ta sani ba za ta kwantar da 'ya'yanta a gindin abin ba. Matar ta ce wannan ba zai motsa jama'a ba. Ba su sake kira ba. Ranar zanga-zangar Fumie ta sayi tikitin jirgin ƙasa da kanta, ta bi sahun baya daga farko har ƙarshe, ta dawo ƙafafunta a kumbure.

Yanzu ta haura sittin. Tana aiki a wani ɗan shago da matan yankinmu suka buɗe, inda ake kawo shinkafa, kabeji, kifi, har ƙasar lambu a auna gubar da ke ciki. Sai ta niƙa, ta sa a na'ura, ta rubuta adadin da ya fito a takarda ta miƙa wa mai shi. Manoma da dama sun koma sayar da amfaninsu saboda takardun nan. Wasu kuma ta sa sun zubar da namomin kazan da suka tsinko a daji, sun fita suna ƙunƙuni.

'Yarta Sayuri na aure a Osaka, inda take ce wa mutane ita 'yar Sendai ce, birnin da ba a jiharmu yake ba. Duk kaka Fumie na aika mata buhun shinkafar da ta auna da hannunta. Sayuri da kanta ta gaya mini cewa a bakin ƙofa take juye shinkafar cikin wani buhun, kada surukarta ta karanta sunan jiharmu a jikinsa. Na kai wa Fumie maganar raina a ɓace. Ta ce ta sani tun tuni, in bar yarinya ta zauna lafiya da mutanen gidanta. Na ce ni ba zan bari ba, kuma da Sayuri ta zo hutun sabuwar shekara sai da na faɗa mata abin da ke bakina, a gaban mijinta.