Satin da na hukunta rediyon gwamnati

Ɗazu 'ya'yana suka kaure da gardama, wai rediyon da gwamnati ke ciyarwa ba ya faɗin gaskiya. Ni kuwa ai na riga su.

Gab da samun mulkin kai, akwai akwatin rediyo mai waya a zauren Baba a nan Sakkwato. Tasha ɗaya ce, kullum yabon masu mulki. Ni kuwa na gama aji bakwai, ina jin kaina ɗan adawa. Na cire wayar, na kife akwatin da kwando.

Baba ya ce, "Kai, mi akwatin ga yay yi maka?"

"Baba, harajinmu shika ci, sannan shi yi muna ƙarya."

"To, kai ad da boko."

Sati guda zaurenmu tsit. A satin aka karanta a rediyo sunayen waɗanda za su hallara a kwalejin horon malamai, har da nawa. Maƙwabta sun ji, suka ɗauka mu ma mun ji. Kafin labari ya iso mini, ranar ta wuce.

Haka na zama mahauci.

Har gobe ina kan bakana, rediyon nan yana da son kai. Amma fisabilillahi jama'a, tsakanina da gwamnati wa ya ji a jikinsa?