Ranar da na sa aka toshe bututun hayaƙin gidanmu

Shekarun baya, muna sabon komawa wani tsohon gida a unguwar Flatbush, can ƙasar waje, bututun hayaƙin da ke kan rufinmu ya fara zubar da bulo. Maigida ya samo wani magini ɗan ƙasarmu, bai daɗe da zuwa ba. Mutumin ya iya aiki. Ya sake jera jan bulon, ya haɗa akwatin katako a samansa don zuba kankare, hular da ke kare bulon daga ruwa. Ya yi mata gangare, bakinta ya zarce bulon, har da 'yar kwata a ƙasa don kada ruwa ya bi bango.

Ranar zubin maigida yana wurin aiki. Maginin ya leƙo daga sama ya ce, "Hajiya, ramuka biyun nan na saman bututun fa?"

Ni kuwa gwanar sani na ce, "Malam, mu da ba ma hura wuta a falo? Kurege ne kawai ke faɗowa. Toshe su duka!" A ƙasarmu ai rami a rufi yoyo ne. Ya shafe su sumul, har na ƙara masa nama a tuwo.

Da sanyi ya shigo muka kunna injin ɗumama gida da ke besmen, ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wajen azahar mahaifiyata, da ta zo mana ziyara, ta ce, "Ke 'yar nan, kaina kamar ana sara." Nawa ma haka. Na'urar gargaɗin da ke jikin silin ta kama ƙara, na hau kujera na cire mata batir don kada ta dami Inna. Da ta tashi alwala sai na ga ta sulale a ƙofar banɗaki. Innalillahi! Ban san yadda na jawo ta waje ba, ko takalmi babu.

'Yan kwana-kwana suka zo, ɗayansu ya hau rufin. Da ya sauko sai ya ce mini rami ɗaya na murhun falo ne, ɗayan kuwa ta nan injin ke fitar da hayaƙinsa, hayaƙin da ba a ganinsa, ba ya wari, amma yana kisa.

Inna ta kwana biyu a asibiti, Allah Ya tashi kafaɗarta. Maginin ya zo da guduma ya fasa aikinsa yana hawaye, yana cewa laifinsa ne. A gaban maigida na ce a'a, ya tambaya, ni na ba da amsa.

Tun daga nan ban ƙara jin kunyar cewa "ban sani ba" ba. Kuma har yau, duk shekarar da za a kunna injin nan, sai na fita bakin titi da hijabina, na ɗaga kai, sai na ga tururi na tashi daga bututun kafin in bar kowa ya zauna a ciki.